BABI NA UKU: ƊOREWAR AMO A GURMI DA JITA MAI LANTARKI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin gurmi da matsayinsa a ƙasar Haɗeja. A wannan babi kuwa za a duba wani al'amari guda ɗaya da ya shafi duk wani abin kiɗa mai tsirkiya, wato yadda amo yake ɗorewa bayan an taɓa tsirkiyar, da dabarun da ake bi a tsawaita shi. An zaɓi a gwama gurmi da jita mai lantarki ne saboda a nan ne suka yi hannun riga. Jita tana jan amo har mai sauraro ya gaji, shi kuwa gurmi da an taɓa shi sai amon ya fito da ƙarfi ya mutu nan take. Wannan ya sa wasu matasa da kunnensu ya saba da jita da fiyano suke ɗaukar gajartar amon gurmi a matsayin naƙasa. Kafin a yarda da su ko a musa musu, ya kamata a san inda bambancin ya samo asali.

3.1 Ma'anar ɗorewar amo

Idan aka ce ɗorewar amo a wannan nazari, ana nufin tsawon lokacin da sauti yake ɗauka tun daga sa'ad da yatsa ya saki tsirkiya har zuwa sa'ad da kunne ya daina jin sa. Daban yake da ƙarar sauti, kuma daban yake da zaƙinsa, ko da yake makaɗa kan haɗe su a cikin magana su ce abin kiɗa yana da murya ko ba shi da ita.

Lokacin da makaɗi ya ja tsirkiya ya saki, ya ba ta wani ƙarfi ƙayyadadde, kuma ba za ta sami ƙari ba sai ya sake taɓa ta. Ƙarfin nan yana zurarewa ta hanyoyi uku. Kaɗan yana tafiya wajen gogayyar tsirkiya da iska, kaɗan yana ƙarewa a cikin jikin tsirkiyar saboda lanƙwasawa da miƙewa da take yi, sauran kuma yana bi ta jaki ya shiga jikin abin kiɗan. Jaki shi ne ɗan guntun icen da tsirkiya take hawa a kan fata, kuma sunan ya dace da shi domin shi ne mai ɗaukar kaya. Manomin fadama zai fahimci abin da sauƙi. Idan ya tara ruwa a kwami ya fasa bakin da faɗi, ruwan zai fita da ƙarfi ya ƙare da wuri. Idan kuwa ya huda 'yar ƙaramar kafa, ruwan zai daɗe yana tsiyaya amma ba zai yi ƙarfi ba. Ruwan dai ɗaya ne. Haka abin yake ga tsirkiya: abin kiɗan da ba ya amfani da lantarki ba ya samun ƙara da ɗorewa duka a cike, sai ya sayi ɗaya da ɗaya.

3.2 Dalilin gajartar amon gurmi

Ames da King (1971) sun kawo gurmi a cikin jerin kayan kiɗan Hausawa masu tsirkiya, tare da garaya da molo da kuntigi da goge da kukuma. Jikin gurmi ƙoƙon duma ne da aka rufe da fata, aka zura masa sanda a matsayin wuya, aka ɗaura tsirkiya biyu ko uku. Fatar nan ba ta da nauyi, kuma a shirye take ta motsa da zarar jaki ya girgiza ta. Saboda haka takan kwashe ƙarfin tsirkiya cikin hanzari ta watsa shi cikin iska. Wato dai gurmi kwami ne mai faɗin baki. An yi shi ne don a ji shi a dandali da zaure da bakin kasuwa a zamanin da babu lasifika, kuma ya biya wannan buƙata.

Akwai wasu dalilai biyu da suka ƙara gajarta amon. Na farko, wuyan gurmi ba shi da ƙarafan nan da ake gittawa a wuyan jita, don haka tsokar yatsa ce take datse tsirkiya, tsoka kuwa laushi gare ta, tana shanye girgiza. Na biyu, tsirkiyar gashi ko ta zaren roba irin na masunta tana cinye ƙarfinta a cikin jikinta fiye da ta ƙarfe. Wannan ne ya sa wayar birkin keke ta sami karɓuwa wurin masu haɗa kayan kiɗa, domin ban da araha da ƙwari, amonta ya fi jimawa.

Yanayin ƙasar Haɗeja ma yana da hannu a ciki. Daga watan Agusta zuwa Satumba, lokacin da kogi yake cika ya malale fadamu a wajajen Auyo da Kirikasamma da Guri, iska takan yi laima sosai. Fata tana shan laimar nan ta saki, jaki ya nutse a cikinta, sai amo ya dushe ya zama kamar ana buga tabarma. A nan an yi asarar ƙara da ɗorewa gaba ɗaya, domin jiƙaƙƙiyar fata cinye ƙarfi take yi ba tare da ta mayar da shi sauti ba. Maganin da makaɗa suka sani tun kaka da kakanni shi ne a shanya abin kiɗan a rana ko a kanga shi kusa da garwashi har fatar ta ɗame. Da hunturu kuma sai matsalar ta juya, fata ta yi tauri ƙwarai, amo ya yi kaifi, amma ana fargabar ta tsage ko ƙoƙon ya dare.

Makaɗin gurmi bai zauna ya zuba wa wannan gajarta ido ba. Yakan cike gurbin ne da yawan taɓi, kafin amo ɗaya ya mutu wani ya hau kansa, har kunne ya ji kamar zare ɗaya ne ake ja. Wanda ya saurari faifan marigayi Alhaji Haruna Uji, ɗan asalin Haɗeja wanda sunansa ya zama tamkar sunan gurmi, zai ji yadda kiɗan yake tafiya a ƙarƙashin murya ba tare da ya danne ta ba. Haka marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi da kuntigi, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya tak da ake yi da gwangwanin kifi. Goge da kukuma su ne suka kauce wa matsalar baki ɗaya, domin izgar da aka shafa wa ƙaro tana ciyar da tsirkiya da sabon ƙarfi muddin hannu yana gogawa.

3.3 Yadda jita mai lantarki ta warware matsalar

Masu ƙera jita a Amurka sun bi ta wata hanya dabam. Tun da lantarki zai ɗauki nauyin ƙara, sai suka toshe bakin kwamin. A wajajen 1940 wani makaɗi mai suna Les Paul ya ɗaura tsirkiyoyi a kan wani kakkauran guntun katako marar rami. Kamfanin Fender ya fara sayar da jita mai cikakken katako a 1950, kamfanin Gibson kuma ya fito da tasa a 1952. Katako mai nauyi ba ya yarda ya motsa, saboda haka ƙarfin yakan tsaya a cikin tsirkiya ta yi ta karkarwa. Idan ba a jona irin wannan jita da na'ura ba, da ƙyar na gefe zai ji ta.

Abin da yake ɗaukar amon shi ne maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, aka girka a ƙarƙashin tsirkiyoyin. Motsin tsirkiyar ƙarfe a kusa da maganaɗisun yana haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, na'urar ƙara sauti ta kambama ta, lasifika ta mayar da ita amo. Jita tana da tsirkiya shida. Mafi kaurinsu tana kaɗawa kimanin sau 82 a daƙiƙa ɗaya, mafi siranta kuma kimanin sau 330, kuma amo mai kauri ya fi siriri daɗewa. Jimillar jan da tsirkiyoyin suke yi wa wuya ya haura kilo 40, abin da sandar gurmi ba za ta iya ɗauka ba.

3.4 Dabarun tsawaita amo

Abu na farko da ake dubawa shi ne tsirkiyar kanta. Gumin hannu da ƙura da tsatsa suna maƙalewa a jikinta su kashe mata motsi, kuma a ƙasa irin tamu mai ƙurar hunturu da laimar damina wannan yana faruwa da sauri. Goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa, da sauya ta idan ta tsufa, sun fi yawancin gyare-gyare masu tsada amfani. Tsirkiya mai ɗan kauri tana riƙe ƙarfi fiye da siririya, amma tana cin yatsa.

Daga nan sai wuraren da tsirkiya take dogara a kansu, wato jaki da madatsin da yake can kan wuya. Ana so su kasance na abu mai tauri kamar ƙarfe ko ƙashi, su kuma zauna daram. Duk wani kusa ko noti da ya yi sako-sako ɓarawon amo ne. Haka nan idan tsirkiya ta kwanta ƙwarai a kan wuya, takan riƙa dukan ƙarafan da aka gitta, kowane duka kuwa ragi ne. Wuyan jita ice ne, yana lanƙwasa ko ya miƙe gwargwadon yanayi, shi ya sa jitar da aka daidaita da damina takan fara zuza da hunturu. Akwai wani dogon ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa a gyara wannan, sai dai aiki ne na wanda ya iya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na maganaɗisu. Sabon makaɗi yakan ɗago shi dab da tsirkiya don ya sami ƙara, bai san cewa maganaɗisun yana jan tsirkiyar yana taka mata birki ba. Tazarar da aka saba bari ita ce kimanin milimita 2 zuwa 3, ana aunawa bayan an danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe. Sai kuma yatsa. Wanda ya danne tsirkiya dab da bayan ƙarfe, ya kuma ɗan riƙa kaɗa yatsan, zai sami amo mai tsawo fiye da wanda ya danne a tsakiya.

Game da na'urori kuwa, wajibi ne a rarrabe iri biyu. Akwai wadda take danne sautin farko mai ƙarfi ta ɗaga wutsiyarsa mai rauni. Wannan ba ta ƙara wa tsirkiya ko daƙiƙa ɗaya ba, ta dai sa kunne ya ci gaba da jin abin da da ya ɓace masa, kuma tana ɗaga hayaniyar waya da ta janareta tare da shi. Iri na biyu shi ne wanda yake mayar wa tsirkiya ƙarfi da gaske. Idan makaɗi ya ƙure sauti ya matsa kusa da lasifika, iskar da take fitowa takan sake girgiza tsirkiyar, amon ya yi ta zagayawa har sai an dafe shi. Jimi Hendrix ya yi suna da wannan dabara kafin rasuwarsa a 1970. A 1976 kuma aka fito da wata 'yar na'urar hannu mai batir, EBow, wadda take motsa tsirkiya da maganaɗisu ba tare da ta taɓa ta ba. A ganin mai wannan nazari, aikin izgar goge ne aka ba lantarki.

Ba sai an je Amurka ba kafin a ji misali. Makaɗan Abzinawa na Jamhuriyar Nijar sun riƙi jita mai lantarki hannu bibbiyu. Ɗaya daga cikinsu, Mdou Moctar, ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, kuma a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008.

3.5 Abin da zai karɓi gurmi daga cikinsu

Wasu daga cikin dabarun nan suna aiki a gurmi kai tsaye: tsabtar tsirkiya, ƙarfin ɗauri, da zaman jaki daidai. Idan aka sa jaki mai ɗan nauyi amo zai ƙara jimawa, amma ƙara za ta ragu, kamar yadda aka bayyana a 3.1. Maganaɗisu kuwa ba ya jin tsirkiyar gashi ko ta roba, sai ta ƙarfe.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko gurmi yana bukatar dogon amo. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogayen wasula da gajeru, kuma waƙar gurmi magana ce ake son a ji. Amon da ya mutu da wuri yana bar wa kowace gaɓa fili. Da tsirkiyoyin gurmi za su riƙa jan amo kamar na jita, da yawan taɓin nan da makaɗa suka ƙware a kansa ya cakuɗe, sai makaɗi ya koma dafe tsirkiya da tafin hannu, kamar yadda masu jita suke yi idan suna son kiɗa mai sauri ya fita tsaf.

Inda gurmi yake shan wahala a yau shi ne wurin biki, inda ake kanga masa makirfo a gaban manyan lasifiku. Fatar da take saurin ba da sauti tana saurin karɓarsa, don haka zagayen amon da mai jita yake nema da gangan yakan zo wa mai gurmi a matsayin kuwwa mai tsaga kunne. Abin da yake rage wannan shi ne a ajiye lasifika a gaban makaɗi tana fuskantar jama'a, a matso da makirfo kusa da fata, sannan a sassauta na'urar.