Bindigar gado: daga wace ƙasa ta hito?

A ƙauyuka da yawa na Maradi, Damagaram da Tawa ana iske tsohuwar bindiga rataye cikin ɗaka. Kaka ya bar ma uba, uba ya bar ma ɗa. Wadda ake nufi nan ita ce mai sakata, wadda ake ɗaga hannunta a ja baya, a sa harsashi, a tura gaba a rufe. Ta bambanta da adaka da ake ɗura ma albarushi ta baki.

In an fiddo ta sai gardama ta tashi. Wani ya ce ta Faransa ce, wani ya ce ta Jamus. Alhali amsar tana rubuce a jikin ƙarfen. Wanda ya san baƙaƙe da lambobi yana iya karanta ta.

Yadda ake dubawa

Da farko a juya bakin bindiga inda babu kowa, a buɗe sakata, a tabbata babu harsashi ciki. Sannan a goge ƙarfen da tsumma da kananzir. Kada a kankare tsatsa da dutse ko yashi, don rubutun zai tafi tare da ita. In an shafa alli a goge sama-sama, baƙaƙen suna fitowa fari.

Ta Faransa

Sojan Faransa sun shigo ƙasar nan a 1899, ta Birnin Ƙonni har Damagaram. Ɗaya daga cikin bindigoginsu na zamanin ita ce Gras, wadda aka fara aiki da ita a 1874. Harsashi guda take ɗauka, mai faɗin milimita 11. A gefenta na hagu ana ganin Mle 1874 tare da sunan garin da aka ƙera ta: St Etienne, Châtellerault ko Tulle. In akwai M80, an yi mata gyaran shekarar 1880 ke nan.

Da soja suka koma ga Lebel ta 1886, sai Gras ta yi kwantai. Ƴan kasuwa suka saye su, maƙera a Faransa da Beljiyam suka rarake cikin bakin ya zama sumul, suka mai da su bindigogin farauta masu watsa ƙwayoyin darma. An sayar da su da arha a ƙasashen Afirka. Don haka bindiga guda tana iya ɗaukar shaidar ƙasa biyu, wadda ta ƙera ta da wadda ta gyara ta.

Sauran ƙasashe

In an ga baƙaƙe uku, E, L da G, cikin da'ira mai siffar ƙwai, an gwada bindigar a birnin Liyej na Beljiyam. In da kambin sarauta bisa da'irar, gwajin bai riga 1893 ba.

Mauser da Oberndorf sunaye ne na Jamus. Terni ko Brescia garuruwan Italiya ne. Bindigogin Italiya sun biyo hanyar hamada daga Libiya; mayaƙan Kawusan sun riƙe irinsu lokacin da suka kewaye Agadas a 1916 zuwa 1917. Ƙaramar kibiya mai kama da sawun tsuntsu kuwa alamar kayan gwamnatin Ingila ce, ana ganinta a jikin Enfield mai harsashi 303, irin ta sojan Najeriya a zamanin Turawa.

A kuma duba lambar da ke jikin sakata da wadda ke jikin bindiga. In sun saɓa, an haɗa gutsattsarin bindigogi biyu ne. Ƙota ba shaida ba ce, domin masassaƙi yana sake ta.

Amfanin sanin haka

Maganar ta shafi ido da yatsu, har da rai. An ƙera Gras don baƙin albarushi mai hayaƙi. Harsashin yanzu albarushinsa ba ya hayaƙi sosai, kuma yana matsa ƙarfe fiye da na da. In an sa shi cikin bindigar da ta haura shekara 140, wadda aka rarake ƙarfenta ya rage kauri, tana iya tsagewa, kuma sakatar tana daidai fuskar maharbi. Shigar harsashi cikin bindiga ba ya nuna nata ne. A Beljiyam, bindigar da aka gwada da sabon albarushi ana buga mata hoton zaki da baƙaƙen PV. Ko da wannan hatimi, tsatsa ba ta san hatimi ba.

Akwai kuma doka. Riƙe bindiga yana buƙatar takardar izinin hukuma, kuma tun 1998 Nijar ta kafa dokar farauta da kare namun daji. Wanda ya gaji bindiga ya kwafe sunan da lambar da ke jikinta a takarda, ya tafi wurin jandarma ko ma'aikatan daji su gaya mai abin da ya kamata. Matambayi ba ya ɓata.

Bindigar da ta tsufa ƙwarai, darajarta tana cikin labarinta. A tambayi tsofaffi wa ya kawo ta, ta wace hanya, a rubuta tun suna da rai, a ajiye takardar tare da ita.