Injunan Rairaya: Kowane Kaya da Irin Nasa

Masana'antun fasa dutse, haƙar ma'adinai da niƙa hatsi sun dogara ga injunan da ke rarrabe kaya bisa girma. Akwai jerin sandunan ƙarfe, inda ƙasa da ƙananan duwatsu ke zuba, manya su wuce injin fasawa. Rariya mai girgiza kan yi hawa biyu ko uku, tana ware tsakuwa girma-girma. Ganga mai huji-huji da ke juyawa ta fi dacewa da ƙasa mai danshi, kamar a wajen wankin kuza. Gari kuwa sai matankaɗi mai kewayawa. Wajibi ne mai saye ya duba danshin kayansa tukuna, domin toshewar rariya asarar mai ce da lokaci.