Gudun Jini, Buɗewar Basira: Yaran da Muke Bari a Kan Tabarma

A gidajen Changli, kamar sauran unguwannin Tamale, ba a rasa yaron da ya kai shekarun makaranta amma yake wuni a kan tabarma, gaɓoɓinsa a sanƙare, sa'o'insa na wucewa a kan kekuna. Wasu su ce shan inna ne, wasu su ce iska. Sau da yawa kuwa rauni ne da ƙwaƙwalwa ta samu kafin haihuwa, ko lokacinta, ko a farkon jarirantaka, sanadiyyar doguwar naƙuda, haihuwar bakwaini, shawara mai tsanani ko sanƙarau. Yara kusan 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000 ke samun wannan lalura a duniya.

Raunin ba ya ƙaruwa. Abin da ke ƙaruwa shi ne illar zama wuri ɗaya. Da yawa daga cikin yaran nan basirarsu lafiya lau take, harshe da hannu ne kawai ke ƙin bin umarni.

Idan yaro ya motsa har numfashinsa ya ɗaga, zuciya na ƙara tura jini da iska zuwa ƙwaƙwalwa, jiki kuma na sakin sinadaran da ke taimaka wa jijiyoyinta ƙulla sababbin hanyoyi. An daɗe da ganin amfanin haka ga mayar da hankali da riƙe abu a ka a tsakanin yara masu lafiya. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa da yara masu nakasa cikin shawararta ta motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum.

Wannan ba ya buƙatar filin wasa na Aliu Mahama. Tsakar gida ta isa. Yaron da ke iya tsayuwa ya tura kujerar roba daga bakin ɗaki zuwa randa, yayarsa na tafa masa, shi yana ƙirga taku. Wanda ke zaune a jefa masa ƙwallon tsumma, a ce ja ya cafke, fari ya bari. Ga gumi, ga lissafi, ga koyon danne zumuɗi, duk a wasa ɗaya. A yi shi da sanyin safiya ko bayan la'asar, don zafin Tamale a watan Maris ba na wasa ba ne. Mai farfaɗiya kuwa sai an fara jin ta bakin likitoci, irin na Asibitin Koyarwa na Tamale.

Ghana na da dokar kare masu nakasa tun 2006, da manufar karatu tare da kowa tun 2015. Amma doka ba ta shiga gida ta ɗaga yaro. Wannan aikin iyaye ne, da maƙwabta, da malamin da zai kira shi cikin fili maimakon ya ba shi gadin jakunkuna a ƙarƙashin bishiya.