Daga Sawo Tome Zuwa Firaya: Me Ya Kai Mu Lizbon?

Bahaushe bai saba auna nisa da mil ko kilomita ba. In ka tambayi fatake nisan gari, sai su ce tafiyar kwana kaza ce, ko zango kaza. Na daɗe ina ɗaukar wannan tsohon yayi ne, sai ran da na zauna a ofishin wani mai sayar da tikitin jirgi a nan Gyaɗi-Gyaɗi.

An gayyace ni taron masana harshe guda biyu a jere, ɗaya a Sawo Tome, ɗaya a Firaya, babban birnin Kef Bade. Duka biranen a kan tsibiri suke cikin tekun Atilantika, duka Fotugal ta mallake su, kuma a watan Yulin 1975 ƙasashen biyu suka sami 'yanci, mako guda tsakani. Zumuncinsu ya wuce haka, domin dubban mutanen Kef Bade an kwashe su zuwa gonakin koko na Sawo Tome aikin ƙwadago, jikokinsu na can har yau.

A taswira tsakaninsu kusan kilomita 3,700 ne, wato tafiyar kamar awa biyar in jirgi ya miƙe. Yaron ofishin ya daɗe yana danna kwamfuta, sannan ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, a ranakun nan sai dai ka bi ta Lizbon." Mai karatu, yi lissafi da kanka: kusan kilomita 4,600 zuwa Lizbon, sannan wasu 3,000 a dawo kudu. Nisan ya ninka, ga jiran canjin jirgi, ga bizar ratse da ake nema daga mai fasfon Nijeriya ko da ba zai fita daga filin jirgin ba. Taro na biyu dai ban je ba.

Teku ba shi da laifi a nan. Tun 1999 ministocin Afirka suka amince a Yamusukuro cewa za a buɗe sararin samaniyar nahiyar ga jiragen juna. Kafin a ga amfanin haka Air Afrique ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways ya bi shi a 2003. A Janairun 2018 aka sake taruwa a Addis Ababa aka ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya. Takardu kam mun iya sa musu hannu. Amma kowace gwamnati na tsare filinta da haraji da izinin sauka kamar gonar gado.

Abin ya fi yi wa Bakano ciwo. A Kano jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, a 1925, kuma shekaru da dama nan ne zangon jiragen da ke ƙetare Sahara. Yanzu mai son zuwa maƙwabta, sau tari sai ya fara neman jirgin Legas ko Abuja tukuna.