Me Ya Sa Aiki Ke Salwanta Idan An Ɗauke Wuta?

Sau da yawa ɗalibi yakan shafe awa 2 yana rubutu a kwamfutar tebur, sai a ɗauke wuta, aikin ya bi ruwa. Dalili kuwa shi ne, kwamfuta tana da ma'aji iri biyu. Na farko, wato RAM, tamkar allon almajiri ne: a kansa ake aiki, amma da zarar lantarki ya yanke sai ya wanku tas. Na biyu shi ne faifan ciki, wanda yake riƙe rubutu ko babu wuta, kamar littafi a gafaka.

Saboda haka, a riƙa danna maɓallan Ctrl da S tare duk bayan minti 5, domin a kwashe aikin daga RAM zuwa faifai. Rigakafi dai ya fi magani.