Masu Sayar da Takalmin Hawan Dutse a Makka

Makka gari ne da ke kwance a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi ta kowace fuska. Dutsen Nur, inda kogon Hira yake, ya kai tsawon kimanin mita 640 daga doron teku. Dutsen Saur da ke kudancin gari, inda Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar suka fake kwana uku a hanyarsu ta hijira a shekarar 622, ya fi shi tsawo, ya kuma fi shi wuyar hawa. Duwatsu ne busassu masu kaifi, ba ciyawa ba inuwa, wani wurin falalen dutse ne da sawun jama'a ya goge har ya yi santsi, wani wurin tsakuwa ce mai zamewa. Malamai suna nanata cewa hawan waɗannan duwatsu ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara, amma kullum ana hawansu saboda son ganin wuraren tarihi, musamman tun da aka buɗe cibiyar al'adu ta Hira a gindin Dutsen Nur a 2023.

Irin wannan ƙasa ita ta ba sana'ar takalmi daraja a Makka. Shagunanta suna nan a Titin Ibrahim Khalil da Misfala da Aziziyya, da kasuwar Utaibiyya, da Ka'akiyya inda alhazanmu kan je sarin tsaraba. Masu shagunan da yawa, amma masu sana'ar kaɗan ne a cikinsu. Mai sana'ar gaskiya ba ya miƙa hannu kan kanta sai ya yi tambaya: "Alhaji, ina za ka taka da shi?"

Asalin sana'ar

Bahaushe ya daɗe da sanin darajar takalmi a hanyar Makka. Kafin jirgin sama, a ƙafa da bisa jakuna ake tafiya, a ratsa Borno da Wadai da Darfur, a tsallaka Nilu, a isa Suwakin, sannan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu sukan yi shekaru a hanya, suna yada zango suna sana'a don samun guzuri. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, jama'a da dama suka ci gaba da nausawa gabas. Wasu suka zauna a Sudan, wasu suka ƙarasa Hijaz. Jikokin irin waɗannan matafiya ne ake kira Hausawi da Fallata da Barnawi a Saudiyya a yau. Cikinsu har da Usama Hausawi, haifaffen Makka, wanda ya riƙe kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Mutanen nan sun fito ne daga ƙasar da dukanci ya kafu tun kaka da kakanni. A Kano har unguwa guda ake kira Dukawa, ga majemar Ƙofar Wambai da ake jeme fata. Baduku yakan auna ƙafar mutum kafin ya yanka fata, ya san inda za a ninka da inda za a sassauta. A yanzu galibin takalman da ke shagunan Makka daga masana'antun Sin da Biyetnam da Indunusiya suke zuwa, ta tashar jiragen ruwa ta Jidda. Yankan fata ya ja baya, amma wancan ilimin na duba ƙafa kafin a ba ta takalmi shi ne har gobe jarin mai sana'a.

Masu saye iri uku

Na farko shi ne alhaji mai harami. Namiji a cikin harami ba ya sa sau-ciki ko safa, sai takalmin da ya bar idon sawu da bayan ƙafa a buɗe, kuma mazhabobi suna da bayanai a kan iyakar abin da aka yarda ya rufe, don haka mai shago na kirki yakan ce wa mutum ya tambayi malaminsa. Abin da ke wuyan mai shagon shi ne ya hana alhaji ɗaukar silifa mai laushi ta banɗaki. Daga Harami zuwa Arfa tafiyar kusan kilomita 20 ce, kuma ko an samu mota ko jirgin ƙasa, zuwa jifa daga hemomin Mina da dawowa yana cin kilomitoci a ƙafa kowace rana, a kan kwalta mai zafi. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mutum 1,301. A irin wannan rana, wanda silifarsa ta tsinke a tsakiyar taro ya shiga uku. Fade mai kaurin ƙasa, mai maɗauri da ke riƙe ƙafa, shi ya dace da shi.

Na biyu shi ne mai ziyara da ya sauke harami yana son hawa Hira ko Saur. Sau da yawa dattijo ne ko magidanci da rabonsa da hawan tudu tun yana yaro. Na uku kuma matashi ne mai gudun motsa jiki, wanda kan fita da asuba ko bayan la'asar, wani lokaci ya nufi duwatsun Hada a hanyar Ɗa'if, inda tsawo ya kusa mita 2,000 kuma iska ta fi sanyi. Waɗannan biyun su ne masu bukatar takalmin gudu na kan dutse, kuma a kansu ne ake gane gwanin sana'a.

Abin da gwani ke dubawa

Yana fara juya takalmin ya duba ƙasansa. Kambas na gudun kwalta ƙasansa sumul yake ko kusa da haka. Na dutse yana da haƙora. Masu tsawon milimita 5 zuwa 6 ko fiye an yi su ne don laka da taɓo, irin wanda ake samu a ƙasashen da ruwan sama ya yawaita. Samfurin Speedcross na kamfanin Salomon ya yi suna a wannan fage. A kan busasshen dutsen Makka kuwa, haƙora gajeru masu faɗi, milimita 3 zuwa 4, waɗanda aka jera kusa da juna, sun fi kama ƙasa, domin dogaye kan lanƙwashe a kan falalen dutse, su kuma cinye da wuri. Mai saye da bai sani ba yakan zaɓi wanda haƙoransa suka fi girma, yana ganin shi ne mai ƙarfi. Aikin mai shago ne ya fahimtar da shi.

Sai ingancin robar kanta. Mai taushi tana manne wa dutse amma tana saurin cinyewa. Mai tauri tana daɗewa amma tana zamewa a wuri mai santsi. Wannan ilimi yana da tarihi mai ban tausayi. A 1935 wasu abokan wani mai hawan duwatsu ɗan Italiya, Vitale Bramani, su shida, suka mutu a duwatsun Alps, aka kuma ɗora laifin a kan rashin takalmin da ya dace. Bayan shekara biyu, a 1937, ya fito da ƙasan takalmi na roba mai haƙora, wanda ya zama kamfanin Vibram. Har yau tambarinsa mai ruwan ɗorawa yana ƙarƙashin takalma da yawa na hawan dutse, ciki har da Speedgoat na kamfanin Hoka.

Daga nan sai tsakiya. Takalmin dutse na kirki yakan zo da siririn faranti mai tauri a ɓoye tsakanin ƙasa da katifarsa, don kada tsinin dutse ya soki tafin ƙafa. Gwani yakan kama takalmin da hannu biyu ya murɗa shi. In ya murɗe kamar tsumma, ba na dutse ba ne. Ya kamata ya lanƙwasa a daidai gindin yatsu kawai. Katifa mai kauri sosai tana da daɗi a doguwar tafiya, sai dai tana ɗaga mutum daga ƙasa, wanda kan jawo targaɗe a wurin da ba daidai yake ba. Ga dattijo mai ciwon gwiwa ana neman matsakaiciya. Hancin takalmin kuma dole ya zama da roba mai tauri, domin tuntuɓe a Saur ba wasa ba ne, farce yakan fita.

Samansa ya zama na raga mai shan iska amma mai ƙananan ƙofofi, yadda yashi ba zai cika ciki ba. A nan ne masu kuɗi kan yi asara. Takalmi mai hana ruwa shiga, irin mai shimfiɗar Gore-Tex, ya fi tsada, mutum kuma yakan ɗauka tsada ita ce inganci. A Makka, inda ruwan sama kaɗan ne kuma gumi ya yi yawa, irin wannan takalmi dafa ƙafa yake yi har ta yi bororo. Mai amana zai faɗi haka ko da ribarsa ta fi yawa a mai tsadar.

Na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci, shi ne awo. Ƙafa tana kumbura da zafi da tafiya, shi ya sa gwaji da yamma ya fi na safe. A gwada da irin safar da za a sa, a ɗaure igiya, a miƙe tsaye. Tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi a bar wurin da ya kai faɗin babban yatsan hannu, amma dunduniya ta zauna daram. Dalili shi ne gangarowa ta fi hawa cin ƙafa. Nauyin jiki yana tura yatsu gaba a kowane taku, in babu fili sai farce ya taru da jini. Mutanenmu da yawa sun tashi cikin silifa da fade, ƙafarsu ta baje, ga kaushi ga faso, alhali yawancin takalman Turai matsattsu ne a gaba. Mai sa lamba 43 a gida zai iya bukatar 44, ko samfuri mai faɗin gaba. Mai ciwon sukari kuma ana ƙara kula da shi, domin jijiyoyin ƙafarsa kan mutu, ya ji rauni ko ya ƙone bai sani ba.

Jabu da gwanjo da gyara

Babbar annobar sana'ar ita ce jabu. Tambari iri ɗaya, launi iri ɗaya, amma ƙasan leda ce mai tauri da ke zamewa a kan dutse, gam ɗinsa kuma ba ya jure rana. Ana gane shi da warin gam, da ɗinkin da ya karkace, da lambar cikin harshen takalmi da ba ta yi daidai da ta kwali ba, da farashin da ya faɗi ƙasa warwas. Araha ba ta ado. Gwanjo kuwa yana iya yin kyau a ido alhali katifarsa ta mutu, domin masu ƙera takalman gudu sukan ce ƙarfinta yana ƙarewa bayan tafiyar kilomita 500 zuwa 800. In aka ga tamoji a gefen katifa, ko dunduniya ta cinye ta gefe ɗaya, a bar shi.

A gefen masu sayarwa akwai masu gyara, magadan dukawa na gaskiya. Kayan aikinsu basilla da zaren nailan da gam da wuƙa da guduma. Zafin Makka yana ɓamɓare ƙasan takalmi, musamman wanda aka bari a cikin mota, su ne ke kankare tsohon gam, su shafa sabo, su bar shi ya sha iska, su danne, sannan su bi gefen da ɗinki. Mai gyara na ƙwarai ya san iyakarsa. Yana iya mayar da ƙasan da ya ɓalle, amma ba zai iya raya katifar da ta mutu ba, kuma yakan faɗa wa mai kaya gaskiya.

Kasuwa da wahalhalunta

Ciniki yana bin lokaci. Yana tashi a watan azumi da lokacin Hajji, sai kuma watannin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da masu Umara ke yawaita kuma hawan dutse ya fi sauƙi. Hayar shago kusa da Harami tana da tsada ƙwarai, ga harajin kaya da ya koma kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020. Rushe tsofaffin unguwanni don faɗaɗa gari ya tarwatsa ƙananan 'yan kasuwa da yawa. Kasa kaya a bakin titi ba tare da lasisi ba laifi ne, jami'an baladiyya suna kwashe kayan, wanda kuma ba shi da igama, wato takardar izinin zama, yana iya ƙarewa a jirgin komawa gida. Duk matashin da ke mafarkin zuwa Makka ya yi wannan sana'a ta bayan fage, ya san da haka tun yana gida.

Akwai kuma jarrabawar da ta fi waɗannan. Mai sayen nan baƙo ne, mako biyu ko uku ya koma Sakkwato ko Maraɗi, ba zai dawo ya yi ƙorafi ba. Babu abin da ke hana a cuce shi sai tsoron Allah. Baƙon Allah ne, ya tara kuɗinsa shekara da shekaru, kuma takalmi ɗaya mara kyau yana iya kwantar da shi a masauki ya rasa sallolin Harami. Wanda ya sayar masa da jabu da sunan na asali ya ci haram a gari mai alfarma.

Wannan ilimi ba sai a Makka yake da amfani ba. Muna da Dala da Goron Dutse a Kano, da Kufena a Zariya, da Kwatarkwashi a Zamfara, da duwatsun Jos da tsaunin Mambila, kuma a 2005 aka fara gasar gudun tsauni ta Obudu a Jihar Kuros Riba. Masu shagunan takalmi na Ƙofar Wambai da Sabon Gari su koyi bambance na kwalta da na dutse, su koyi auna ƙafa, su koya wa yaransu. Maniyyata kuma ku nemi takalminku tun kuna gida, ku taka shi na makonni har ya saba da ƙafa, kada ku fara sa sabo ranar hawan dutse. Ku riƙe 'yar jakar da za ku riƙa zuba shi idan za ku shiga masallaci, ku hau da sanyin safiya da ruwan sha a hannu. Wanda kuma likita ya hana, ko ƙarfinsa bai kai ba, ya haƙura da hawan, Hajjinsa da Umararsa sun cika ba tare da shi ba.