'Yar Cigiya a Kasuwar Dembe

(Sautin kasuwa: ƙarar babura da muryoyin masu talla, sannan a rage shi)

 Hayaniyar nan da kuke ji ta kasuwar Dembe ce, a birnin Njamena na ƙasar Chadi. To a ce cikin wannan turmutsutsu ka sauka daga kilando, abin da Kanawa ke kira acaɓa, mutanen Maraɗi kuma kabu-kabu. Ka sallami yaron babur ɗin ya yi gaba, sai ka shafa ka ji wayam: 'yar jakar da makullan shago da katin shaidarka suke ciki ta bi shi. Ba ka san sunansa ba, ba ka riƙe lambar babur ba. Me ya rage? Cigiya. Ka faɗa wa maƙwabtan rumfa, ka leƙa inda 'yan kilando ke tsayawa, ka roƙi ladan ya sanar bayan la'asar, in abin ya ci tura ka kawo mana nan gidan rediyo.

Yau za mu duba wata 'yar na'ura da masu ƙera ta ke cewa ta ɗauke wa mutum wannan wahala. Ni dai 'yar cigiya nake ce mata. Faɗinta bai wuce na murfin kwalbar lemo da wani abin kirki ba. Kana maƙala ta a zoben makulli, ko ka jefa ta cikin jaka, ka haɗa ta da wayarka. Ranar da abin ya ɓata, ka duba waya ka ga inda yake.

Wani kamfanin Amurka mai suna Tile ne ya fara yi wa abin suna tun wajen 2013. Samsung ya fito da tasa, SmartTag, a farkon 2021, sannan a watan Afrilun shekarar Apple ya kawo AirTag, mai nauyin giram 11, a kan dalar Amurka 29 guda ɗaya, huɗu kuma dala 99. In ka juya dala 29 zuwa sefa, za ta kama wajen jaka 16 zuwa 18 gwargwadon canji, kafin ɗan kasuwa ya ɗora kuɗin kawowa da ribarsa.

(Kiɗa kaɗan)

Ga inda nake so ku ba ni kunne sosai, don nan ne mutane ke jefa kuɗinsu a rijiya. Da yawa sun ɗauka 'yar cigiya tana magana da tauraron ɗan'adam. Ba ta yi. Ba layin waya a cikinta, ba ta kuma san inda take ba. Abin da ta iya shi ne raɗa. Lokaci zuwa lokaci tana sakin wata 'yar alama ta Bluetooth, wadda ba ta wuce taku kaɗan, mita goma ko 'yan gomomi in fili ne. In wani ya gifta da waya irin wadda ke jin yarenta, wayar za ta ɗauki raɗar, ta haɗa da wurin da ita kanta take a wannan lokacin, ta kulle saƙon yadda kai kaɗai za ka iya buɗewa, ta tura ta intanet. Mai wayar bai san ya yi maka aiki ba, kai ma ba ka san shi ba.

Wato dai cigiya ce sak irin tamu, sai dai wayoyi ke yin ta a maimakon mutane. Kuma kowa ya san cigiya ba ta da amfani sai an yi ta da harshen da jama'ar wurin ke ji. A Njamena in ka tsaya tsakiyar Kasuwar Gero ka yi shela da Larabcin Chadi, kusan kowa zai waiwayo. Da Faransanci wasu za su ji, da Ngambai wasu, da Hausa ma ba za ka rasa mai amsawa ba. Amma ka yi da Japananci mu gani.

To AirTag yaren Apple kaɗai take ji. Mai ita sai yana da iPhone ko iPad kafin ya haɗa ta, kuma na'urorin Apple ne kaɗai ke kai rahotonta. A Landan ko Dubai wannan ba komai ba ne, ko'ina ka juya akwai su. A Dembe fa? Ku duba hannun masu rumfa da 'yan kilando da masu shayi. Tecno ne, Itel ne, Infinix ne, wayoyin kamfanin Transsion na ƙasar Sin da suka mamaye kasuwannin Afirka, sai Samsung nan da can, sai kuma ƙananan wayoyi masu maɓalli waɗanda ba ruwansu da wannan zance. Jakarka na iya kwana a wani lungu a unguwar Diguel ko Walia tana ta raɗa, ba wayar da ta ji. Kai kuma kana kallon taswira tana nuna maka inda aka gan ta jiya da hantsi. SmartTag ita ma haka, 'yar gidan wayoyin Galaxy na Samsung ce, ba ta kula kowa sai danginta.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne tsarin Google, wanda ya fara aiki a watan Afrilun 2024, daga baya aka sauya masa suna zuwa Find Hub. Shi wayoyin Android yake amfani da su, su ne kuwa suka cika aljihunan mutanenmu, kuma kamfanoni irin su Chipolo da Pebblebee suna ƙera 'yan cigiyar da ke aiki da shi. Sai dai Google ya fito da shi da taka-tsantsan: yadda aka saita shi tun farko, sai wayoyi da dama sun ji raɗar a wuri mai jama'a kafin a nuna maka. A kasuwa zai iya yi. A bayan gari, kan hanyar zuwa gona, sai addu'a.

Akwai kuma abin da mai tallar ba zai faɗa maka ba. Wayar da za ta yi maka cigiyar sai Bluetooth ɗinta na kunne, sai tana da caji, sai kuma tana da data. Wanda ya zauna a Njamena ya san yadda ake lallaɓa waɗannan abubuwa. Mutum ya sayi 'yar datarsa ta Airtel ko Moov, ya kunna ya duba WhatsApp, ya kashe nan take kada ta tsiyaye. Bluetooth kuwa sai za a tura waƙa ko wa'azi ake tuna shi. Ba rowa ba ce, lissafi ne, a garin da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama.

(Kiɗa kaɗan)

Kada ku ce na kushe ta gaba ɗaya. A cikin gida ba ta da na biyu, domin nan ba ta bukatar wayar kowa sai taka. Makulli ya shige ƙarƙashin katifa, ko yaro ya jefa shi cikin kwandon wanki, ka taɓa waya sai ta yi ƙara, ka bi sautin.

Inda ta fi burge ni kuwa shi ne tafiya. Hausawa da yawa a wannan gari jikokin matafiya ne. Tun Njamena tana Fort-Lamy, sunan da ta riƙe daga 1900 har 1973, maniyyata daga Kano da Katsina ke ratsowa ta Borno, su tsallake kogi daga Kuseri, su nufi Abeshe da Sudan har bakin Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, wasu guzuri ya ƙare suka zauna, har wani masani mai suna John Works ya rubuta littafi a kansu a 1976. Su kayansu a kansu yake ko a bayan jaki, ido na gani. Alhajin yau kuwa a filin jirgin Hassan Djamous yake miƙa jakarsa, ba zai sake ganinta ba sai Jidda ko Madina, cikin ɗaruruwan jakunkuna masu kama ɗaya. Filayen jirgi irin na Jidda da Addis Ababa da Istanbul cike suke da wayoyi iri-iri, ga intanet. Nan 'yar cigiya ke samun masu jin yarenta. Tun ƙarshen 2024 ma Apple ya ba da damar ka tura wa kamfanin jirgi wurin da jakarka take, su nemo maka.

Saura maganar babur, wadda na san ita ke ran wasu tun ɗazu. Mai kilando zai ce, in ɓoye ta ƙarƙashin kujera mana, ɓarawo ya ɗauka in bi shi har gida. Wani lokacin a dace. Amma ku sani an ƙera ta ne yadda za ta tona kanta. Bayan fitowar AirTag an yi ta samun ƙorafi a Amurka da Turai cewa ana saka ta cikin jakar mata ko motarsu ana bin sawunsu. Shi ya sa in AirTag ta rabu da mai ita na wasu awoyi, tsakanin 8 zuwa 24, takan yi ƙara in an motsa ta. A watan Mayun 2024 kuma Apple da Google suka haɗa kai, yanzu iPhone da Android duka suna iya gargaɗin mutum cewa wata 'yar cigiya da ba tasa ba tana tafiya tare da shi. Gargaɗin da ke kare baiwar Allah daga mai leƙen asirinta, shi ne dai ke faɗa wa ɓarawo ya duba ƙarƙashin kujera. Mai son tsaron babur, na'urar da ake sa wa layin waya a haɗa ta da batirin babur ita ce tasa, ko da yake ita sai ana ciyar da ita da kuɗi. Maigidan da ke tunanin jefa ta cikin jakar uwargida kuma, wayarta za ta iya kai ƙararka kafin ka dawo daga masallaci.

Batirin AirTag irin na agogo ne, mai lamba CR2032, yana kai kusan shekara, kuma masu gyaran agogo na sayar da shi. A dai ɓoye shi daga yara, haɗiye shi na iya kisa.

Wanda ya yi niyyar saye, ya fara duba wayar da ke hannunsa ya sayi wadda ta dace da ita. Sannan kafin ya damƙa mata makullan shago, ya ba ƙaninsa ita a aljihu, ya ce ya je unguwar Farcha ya biya ta Chagoua ya dawo, shi kuma ya zauna da waya ya ƙirga sau nawa ta nuna masa inda yaron yake.

 

(Sautin kasuwa ya dawo, sannan ya ɓace)